Kafin Ka Tayar da Diron: Abin da Doka Ta Ce da Gyaran da Take Buƙata

Darasinmu na yau a kan ɗan ƙaramin jirgin nan ne mara matuƙi, wanda yawancinmu muke kira diron. A da sai a finafinan Turawa muke ganinsa. Yanzu kuwa da wuya a yi babban biki, ko hawan salla, ko taron yaye ɗalibai, a watse ba ka ji ƙugin farfelarsa a saman kanka ba. 'Yan sashen safiyo suna son sa don awon fili da zana taswira, 'yan aikin jarida suna son sa don hoto, 'yan sashen noma suna son sa don duba gona, su kuma 'yan lantarki da kwamfuta babban burinsu su haɗa nasu na kansu a matsayin furojet. Wasu ma har sun shiga adashi don su saya su riƙa ɗaukar bukukuwa.

Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, shin doka ta yarda? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a gaban alƙali ba ya zama uzuri. Kayan da ka shekara kana tara wa kuɗi za su iya tafiya hannun jami'an tsaro cikin minti biyar, kai kanka kuma ka kwana a bayan kanta. Don haka zan bi abin daki-daki: dalilin da ya sa ake yi masa doka, abin da dokar Najeriya ta ce, yadda wasu ƙasashe suka yi nasu, sannan gyaran da nake ganin ya kamata mu nema. Jiragen soja ba sa cikin wannan darasi, nasu tsarin daban ne. Maganarmu a kan na farar hula ce.

Me ya kawo gwamnati cikin “abin wasa”?

Wani zai ce, kai malam, ɗan abin da bai fi tafin hannu biyu ba shi ne har sai an nemi izini? To, a idon doka duk abin da ya tashi sama da injinsa jirgi ne, ko da mutum a ciki ko babu. Wannan ba sabon zance ba ne. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce uwar dokokin sufurin sama na duniya kuma Najeriya tana cikin waɗanda suka amince da ita, ta tanadi a sashenta na 8 cewa jirgin da ba shi da matuƙi ba zai ratsa samaniyar wata ƙasa ba sai da izininta na musamman. Tun ba a haifi iyayenmu ba aka hango abin.

Haɗarin kuma iri uku ne. Na farko, karo da jirgin fasinja. A Disambar 2018 an ba da rahoton ganin diron a kusa da filin jirgin sama na Gatwick a Ingila. Sai da aka rufe filin, tashi da saukar jirage kusan 1,000 suka rikice, fasinjoji kimanin 140,000 suka rasa yadda za su yi ana dab da Kirsimeti. Bayan wannan ne Ingila ta faɗaɗa yankin da aka hana tayar da diron a kewayen filayen jiragenta daga kilomita 1 zuwa kilomita 5. Ku duba namu: filin jirgin Malam Aminu Kano unguwanni sun kewaye shi, haka a Zariya jiragen ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan gari. Mai ɗaukar biki a irin waɗannan unguwanni yana iya shiga hanyar jirgi bai sani ba.

Na biyu, faɗowa a kan jama'a. 'Yan injiniya, ku ɗauko biro. Diron mai nauyin kilo 1 da batirinsa ya mutu a tsayin mita 100, in ka ninka nauyi da ƙarfin jan ƙasa da tsayi, za ka samu jul 980. Kwatankwacin bulo mai kilo 20 ke nan ya suɓuto daga tsayin mita 5. Ko iska ta cinye rabin wannan ƙarfi, abin da ya rage ya isa ya rotsa kan yaro. Ga farfela kuma tana yanka kamar reza. Ku ƙara da abin da zai faru in ya sauko dab da kunnen doki a tsakiyar hawan daba.

Na uku, tsaro da sirrin mutane. Abin da zai ɗauki hoton amarya daga sama shi ne dai zai ɗauki hoton barikin soja, ko gidan yari, ko tsakar gidan maƙwabcinka.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Hukumar da ke riƙe da wuƙa da nama a nan ita ce NCAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa. A watan Mayun 2016 ta fito ta sanar cewa babu wanda zai tayar da jirgi mara matuƙi a sararin samaniyar Najeriya sai da izininta da kuma na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, wanda ake taƙaitawa ONSA. Sanarwar ba ta tsaya kan ɗaiɗaikun mutane ba, har hukumomin gwamnati da kamfanoni ta haɗa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar sufurin sama wadda ta maye gurbin ta 2006. A 2023 kuma NCAA ta sabunta kundin ƙa'idojinta, inda aka ware kashi na 21 kacokan don jiragen da ake sarrafawa daga nesa. Duk mai niyyar shiga wannan harka, wannan kashi shi ne littafin karatunsa na farko, kuma yana shafin hukumar na intanet.

In za mu sauƙaƙa, ƙofofi huɗu ne a gaban mai son yin sana'a da diron.

Ƙofar farko ta shigo da kayan ce. Diron yana cikin kayayyakin da ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar shaidar wanda zai yi amfani da su, wadda ake kira EUC, kuma ONSA ne ke bayar da ita. Wanda ya yi oda daga waje ba tare da ita ba, kada ya yi mamaki in kayansa suka maƙale a hannun kwastam.

Ta biyu, tantancewar tsaro, ita ma a hannun ONSA take.

Ta uku, lasisin NCAA, wanda ya shafi shi kansa jirgin, da kamfanin da zai yi aiki da shi, da kuma mai riƙe da rimot ɗin. Ƙa'idojin da suka biyo bayan sanarwar 2016 sun nemi mai neman izinin kasuwanci ya zama kamfani mai rajista da hukumar CAC, da jarin hannun jari aƙalla naira miliyan 20, sannan ya biya naira 500,000 kuɗin duba takardu waɗanda ba a mayarwa. Irin waɗannan kuɗaɗe kan sauya, saboda haka a duba na yanzu kafin a yi lissafi.

Ta huɗu, izinin sararin da za ka tashi. Hukumar NAMA ce ke kula da zirga-zirga a samaniya, kuma duk aikin da zai kusanci hanyar jirage sai da saninta.

Bayan waɗannan akwai dokar wuri. A Janairun 2025 rundunar Operation Haɗin Kai ta sanar da haramta tayar da diron a yankin da take aiki a Arewa maso Gabas, bayan da aka ga 'yan ta'adda sun fara amfani da shi wajen kai hari. 'Yan'uwanmu na Borno da Yobe da Adamawa, da duk wanda aikin SIWES ko bautar ƙasa ya kai can, ku riƙe wannan da kyau.

Sai batun sirri. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 kuma ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, hoton fuska da bidiyo suna ciki. Ke nan ko takardunka na tashi sun cika, watsa hoton mutane a TikTok ba da yardarsu ba wata shari'a ce daban.

Yadda wasu suka yi nasu

A Amurka, hukumar FAA ta fara aiki da ƙa'idar da ake kira kashi na 107 a Agustan 2016, watanni kaɗan bayan sanarwarmu. Ɗan shekara 16 zai iya zama jarrabawa, in ya ci ya samu shaidar yin sana'a da diron da bai kai kilo 25 ba. Rajistar jirgin dala 5 ce, tana aiki shekara 3, ta intanet ake yi. Mai wasa da wanda bai kai giram 250 ba ma ba a neman ya yi rajista. Shi ya sa za ku ga kamfanin DJI ya yi ƙaramin jirginsa Mini a kan giram 249 cif.

Tarayyar Turai ta fara aiki da nata tsarin a ƙarshen 2020. Ta kasa aikin gida uku bisa girman haɗari. Akwai rukunin da haɗarinsa kaɗan ne, ba ya buƙatar izini kafin kowane tashi muddin ka yi rajista, ka yi ɗan gwajin da aka tanada, ba ka wuce tsayin mita 120 ba, kuma idonka yana kan jirgin. Akwai na tsakiya, inda sai ka rubuta irin haɗarin da ke cikin aikin da yadda za ka magance shi, hukuma ta amince. Akwai kuma na sama, wanda ake yi wa tsauri irin na jirgin fasinja. Wannan mita 120 ɗin ba da ka aka tsayar da ita ba. Jiragen da ke da matuƙi ba sa sauka ƙasa da kimanin mita 150 in ba wajen tashi da sauka ba, sai aka bar tazara a tsakani.

Indiya ce ta fi ba ni sha'awa, domin ita ma tana fama da matsalar tsaro. A farkon 2021 ta fitar da ƙa'idoji masu tsauri, masu sana'ar suka koka, kafin ƙarshen Agustan shekarar ta soke su ta kawo sababbi. Fom ɗin da ake cikewa ya sauko daga 25 zuwa 5. Ta kuma wallafa taswirar ƙasar a intanet da launi uku: kore, inda za ka tashi har mita 120 ba sai ka nemi izini ba, rawaya, inda sai ka nemi izinin masu kula da zirga-zirgar jirage, da ja, inda ba a tashi sai da amincewar gwamnatin tarayya.

A nan Afirka kuwa, Ruwanda ta buɗe ƙofa tun 2016 ga kamfanin Zipline yana kai jini asibitocin karkara, Ghana ta bi sahu a 2019. A 2022 kamfanin ya fara aiki a jihar Kaduna daga cibiyarsa ta Pambegua, yana kai magunguna da alluran rigakafi, jirgin ya saki ƙunshin da 'yar lema ya juya gida. Wannan ya nuna ko a ƙasarmu ana iya samun izinin babban aiki, har wanda jirgi zai yi nisan da ido ba ya ganinsa.

Inda gizo ke saƙa

To, ina matsalar take? A ganina tsarin da muka taso da shi tun 2016 an ɗinka shi ne daidai wuyan manyan kamfanoni. Kamfanin mai da zai duba bututunsa, ko kamfanin waje mai lauyoyi a Abuja, miliyan 20 ba komai ba ce a wurinsa, jiran watanni ma zai iya. Amma yaron da ya gama HND ya haɗa kuɗin diron da ƙyar don ya riƙa ɗaukar biki ko awon gonaki fa? Shi ma ƙofofin nan huɗu ne a gabansa. Ƙorafin da masu sana'ar suka daɗe suna yi ke nan: ofisoshi sun yi yawa, kuɗi ya yi yawa, jira ya yi tsawo.

Sakamakon kowa yana ganinsa. Mutane ba su daina tayar da diron ba, neman izinin kawai suka daina. Ku tambayi masu ɗaukar bukukuwan unguwarku ku ji mutum nawa ne ke da takarda. Idan doka ta zama wadda yawancin mutane ba za su iya cikawa ba, abu uku ne ke biyo baya. Hukuma ba ta san jirage nawa ne a ƙasa ba balle ta san masu su. Masu tayarwa ba su taɓa zama an koya musu ƙa'idar tsayi ko nisantar filin jirgi ba. Sannan kowane mai diron ya zama mai laifi da ke jiran ranar kamu, wanda hakan ke buɗe ƙofar “a sasanta” a bakin titi.

Na san abin da za a ce: ƙasar da ke fama da 'yan bindiga da 'yan ta'adda ba za ta kwaikwayi Turai ido rufe ba. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin haramci a inda ake fafatawa ba. Sai dai mu tambayi kanmu, ɗan ta'adda yana cike fom? Ta ɓarauniyar hanya yake shigo da nasa. Tsaurin takardu yana kama mai gaskiya ne kawai. Wake ɗaya ke ɓata gari, amma ba a zubar da buhu saboda shi, tsince shi ake yi. Kuma tsintar ba ta yiwuwa sai kana da rajistar masu gaskiya a hannu, yadda duk jirgin da ba ya cikinta zai fito fili.

Gyaran da nake ganin ya dace

Na ɗaya, a auna tsauri da girman haɗari. Ƙaramin diron da ke tashi da rana a fili, ƙasa da mita 120, a gaban idon mai shi, rajista da ɗan gwaji sun ishe shi, ko kuɗi yake nema da shi ko wasa yake yi. Sharaɗin babban jari a bar wa masu manyan jirage da masu aikin nesa.

Na biyu, ƙofa ta zama ɗaya. Mutum ya shigar da takardunsa wuri guda ta intanet tare da lambarsa ta NIN, su hukumomin su yi magana da junansu a bayan fage. A kuma sa wa'adi a rubuce: cikin kwana kaza za ka ji amsa, in an hana ka a faɗa maka dalili, kana da damar ɗaukaka ƙara.

Na uku, a wallafa taswira irin ta Indiya wadda kowa zai buɗe a wayarsa. Filayen jirgi, barikoki, gidajen gwamnati, gidajen yari da yankunan da ake rikici su fito ja. Yanzu da yawa cikin masu karya doka ba su ma san sun shiga hurumin da aka hana ba.

Na huɗu, kuma wannan namu ne kai tsaye, a ba makarantun fasaha lasisin koyarwa da gwaji. Kowace foliteknik da ta cika sharuɗɗa a amince mata da wani fili da aka shata, inda ɗalibai za su gwada abin da suka ƙera ƙarƙashin kulawar malami mai shaida. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ke tsara manhajarmu, za ta iya haɗa kai da NCAA da kwalejin Zariya a fitar da gajeren kwas, jarrabawar kuma a yi ta da Turanci da manyan harsunan ƙasa, domin masu ɗaukar hoto da yawa ba su yi boko mai zurfi ba. Ba zai yiwu a ce mu ƙirƙiro ba, alhali gwada abin da muka ƙirƙiro laifi ne.

Na biyar, a rubuta batun sirrin gida ɓaro-ɓaro cikin ƙa'idar diron. Tsarin gidajenmu ya bambanta da na waɗanda muke kwafo dokokinsu. Rayuwar gidan Bahaushe a tsakar gida take, a buɗe ta sama: girki, wanki, shan iska, har kwana a lokacin zafi. Katanga da zaure su ne sutura. Ko magini ne zai hau rufi, al'ada ta koya masa ya sanar da maƙwabta tukuna. Diron kuwa yana tsallake katanga goma cikin daƙiƙa kaɗan ba sallama. Ya kamata shawagi da kyamara a kan gidajen mutane ba da izini ba ya zama laifi mai suna da hukunci sananne, kuma wanda aka yi wa ya san inda zai kai ƙara.

Na shida, manyan jirage da masu aiki a kan taro su ɗauki inshora, a kuma sa musu na'urar da ke sanar da lambar jirgi da inda yake tun yana sama, kamar yadda Amurka ta wajabta. Lambar mota ke nan ta sararin samaniya.

Na bakwai, a bambanta hukunci. Wanda ya manta bai sabunta rajista ba tara ta ishe shi. Wanda ya tashi a kan barikin soja da gangan, wannan maganarsa daban. A kuma horar da jami'an da ke kan titi su san wace takarda za su nema, in sun karɓi kaya su ba da rasit.

Kafin gyara ya zo

Doka tana nan a yadda take har sai an sauya ta, ra'ayina ko naka ba ya ɗage ta. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sayi diron sai ka tambayi mai sayarwa takardun shigo da shi. In na furojet ne, shugaban sashenku ya rubuta wa hukuma da sunan makaranta tun farkon zango, domin ba a fafe gora ranar tafiya, a kuma sanar da jami'an tsaron makaranta ranar gwaji. In sana'a kake so ka koya, ka liƙe wa kamfanin da ke da lasisi ka yi aiki ƙarƙashinsa. Ka nisanci filin jirgi da duk wurin da ka ga masu kaki suna gadi. Kada ka tashi a kan cunkoson jama'a, kada ka bar jirgin ya ɓace wa idonka, musamman lokacin hazon hunturu, kada kuma ka bar batir a rana ko cikin mota a rufe. 'Yar'uwa, ke ma in kika ga diron yana shawagi a kan hostel ɗinku, kina da haƙƙin kai ƙara wurin hukumar makaranta, a nemo mai shi ya yi bayani.

Ita kuma ƙungiyarmu ta ɗalibai, ina ba ta shawara ta haɗa 'yan safiyo, 'yan lantarki, 'yan jarida da 'yan noma a zauna a rubuta takarda guda, a miƙa wa hukumar makaranta ta tura NBTE da NCAA, a fara da neman filin gwaji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda yake da ƙarin bayani ko yake ganin wata shawarar a nan ba ta yi ba, ya rubuto wa editan mujalla, mu ci gaba da tattaunawa a fitowa ta gaba.